Gwangwanin ƙonannun wayoyi a akwatin Baba: wa ya san shi a zamanin da yake sojan ruwa?

Autar gida, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure, ina kuma roƙon a yi haƙuri da tsawon rubutuna. Mahaifinmu ya rasu makonni 4 da suka wuce, aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Tafo, kuma yanzu muna shirin addu'ar arba'in. Mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zongo sun fi saninsa da Baba mai wuta, domin ya shafe fiye da shekara 20 yana ja wa gidaje da shaguna da masallatai waya, har tsufa ya sa ya ajiye aikin. Kafin wannan kuwa ya yi aikin sojan ruwa, kuma da yake an haife ni ne bayan ya tuɓe kaki, abin da na sani game da wancan zamani bai wuce hoto guda da ke rataye a ɗakin Inna ba. Duk lokacin da na tambaye shi yadda teku take, amsarsa ɗaya ce, wato ruwa ne kawai, sai ya kawo wani zance.

Yayyena sun ɗora mini rubuta taƙaitaccen tarihinsa, shi ya sa muka buɗe akwatinsa na ƙarfe. Mun tarar da takardar sallama da ke nuna ya shiga aiki a 1965 ya fita a 1991, da farar hularsa wadda tsufa ya rina, da lambar ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da filaya da sukudireba a naɗe cikin tsumma mai mai. A can ƙasa kuma akwai babban gwangwanin Milo, cike da guntayen waya, wasu a ƙone, wasu robarsu ta narke ta dunƙule, kowanne an naɗe shi da 'yar takarda mai rubutun ajami. Na ƙirga guntaye 47. Da ƙyar na karanta kaɗan, na ga sunan unguwa ne da shekara.

Tambayoyina ga duk wanda ya san shi su ne: mene ne ainihin aikin mai lantarki a jirgin yaƙi, kuma mene ne ma'anar wannan gwangwani? Sannan akwai saɓani a gida, domin babban yayanmu yana so a baje hular da lambar a kan tebur ranar addu'a, shi kuwa Kawu ya ce wurin addu'a ba filin fareti ba ne. Ina neman shawarar masana kafin maganar ta yi tsami.

Tsohon sojan ruwa, Sekondi

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yata, jikana ne ya karanta mini saƙonki, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. Tun bai kai ƙarshe ba na gane wanda kike nufi, domin a zamaninmu 'yan Zongo da ke cikin sojan ruwa ba su da yawa, kuma duk mun san juna. Iyayenmu sojan ƙasa suka sani, tun zamanin Turawa da Hausa take harshen bariki, kuma da yawansu sun je yaƙin Bama, wanda daga gare shi babban barikin Accra ya samo sunan Burma Camp. Sojan ruwa kuwa sabon abu ne a lokacin. A 1959 aka kafa rundunar sojan ruwan Ghana da ƙananan jirage 2 masu share nakiyar ruwa, Yogaga da Afadzato, kuma hafsoshin Ingila ne ke riƙe da ita har 1961, sa'ad da Nkrumah ya sallame su ya ɗora David Hansen. Mahaifinki ya shigo ne lokacin da jiragen yaƙi Kromantse da Keta suke sababbi daga Ingila, ni kuma na biyo shi da shekara 2. Ɗan mai fataucin goro ne wanda bai taɓa ganin teku ba sai ranar da jirgin ƙasa ya sauke shi a Takoradi, kuma ya sha ba mu labarin cewa a makonsa na farko a kan ruwa ko koko bai zauna masa a ciki ba.

Game da aikinsa, ki ɗauki jirgin ruwa a matsayin ƙaramin gari wanda wayar wutar madatsar Akosombo ba ta kai masa ba. Da zarar an kwance igiya, an cire wayar da ke ba shi wuta daga tudu, to babu sauran wuta sai wadda janaretocinsa na dizal suka samar. Injin da ke karkata jirgi dama ko hagu, da famfunan da ke kwashe ruwan da ya shigo, da na kashe gobara, da rediyo, da na'urar hango jirage, da firijin abinci, da fitilun da ke sanar da wasu jirage inda muka dosa, ja a hagu, kore a dama, fari a sama, duk wannan wutar suke jira. Idan ta ɗauke da dare a tsakiyar teku, jirgin ya zama makaho kuma kurma a lokaci guda. Saboda haka ake tsaron babban allon wuta ba dare ba rana, kowa awa 4, wani ya karɓe shi.

Babban abokin gabarmu gishiri ne. Iskar teku tana shiga ko'ina, ta ci bakin waya har ya koma kore, ta jiƙa abin da ya kamata ya zauna a bushe. A gida, idan waya mai wuta ta taɓa ƙarfe, fis ne ke ƙonewa, wuta ta ɗauke nan take. A jirgi kuwa an tsara ta yadda ɓaraka ta farko ba za ta ɗauke wuta ba, domin ba a so injin tuƙi ya mutu ana cikin tafiya. Sai dai akwai fitilu 3 a kan allon, kuma idan wuta ta fara zurarewa cikin jikin jirgi, ɗaya takan dushe, sauran biyun su ƙara haske. Daga wannan lokaci mai lantarki ba shi da barci sai ya gano wurin, domin idan ɓaraka ta biyu ta auku a wani layin kafin a toshe ta farko, to gobara ce, kuma gobarar teku ba ta da ƙofar fita. A wannan farauta ban ga kamar mahaifinki ba. Yakan kashe layuka ɗaya bayan ɗaya yana duban fitilun, in ya gane layin sai ya bi shi da rarrafe, tocila a baki, cikin zafin ɗakin inji, har ya kai ga wurin da robar ta sale.

Shugaban sashenmu na farko wani dattijo ne Bafante, wanda ba ya karɓar kalmar "na gyara". Sai ka yanko guntun da ya ɓaci, ka kawo masa a tafin hannu, ka faɗi abin da ya ɓata shi, sannan ya sake ka. Mu sauran mukan jefa guntun a ruwa bayan ya gani, mahaifinki kuwa yakan sa nasa a aljihu. Ina kyautata zaton asalin gwangwaninki ke nan.

Lambar da kika gani ta Laberiya ce. A watan Agusta na 1990 muka tashi daga Saliyo zuwa tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo. Tashar a cike take da mutanen da yunwa da tsoro suka koro, kuma tunda shi bai ba ku labarin abin da idonmu ya gani ba, ni ma ba zan bayar a nan ba. Abin da zan gaya miki shi ne mu 4 ne Musulmi a jirgin, shi ne limaminmu, kuma kafin kowace salla sai ya hau wurin matuƙa ya tambayi inda jirgi ya fuskanta, ya dawo ya daidaita mana alƙibla.

Ki adana takardar sallamar da kyau. Ku kai ta, tare da takardar shaidar rasuwa, ofishin hukumar tsofaffin sojoji ta VAG da ke Kumasi, su za su nuna muku hanyar da za a bi game da haƙƙin mahaifiyarku. Ki gaishe ta, ki ce mai yi masa aski a jirgi yana yi mata ta'aziyya.

Tsohon yaronsa, Asawase

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi masa nan. Na yi shekara 7 ina ɗaukar masa tsani, kuma ba zan ɓoye miki ba, ɗaya daga cikin guntayen nan 47 nawa ne. Ki nemi wanda aka rubuta Akwatia Line a jikinsa, za ki ga ba a ƙone yake ba, jan ƙarfe ne mai kauri, lafiyarsa ƙalau.

Wani gidan haya ne mai ɗaki 14, fis ɗinsa yana yawan ƙonewa, saboda wani ɗan haya yana dafa ruwa da hita a ɓoye. Baba ya aike ni ni kaɗai, ina kuwa sauri in je kallon ƙwallo, sai na zare silin jan ƙarfe daga ragowar wayar soket na ɗaura a wurin siririyar wayar fis mai amfiya 15. Wuta ta kawo, mai gida ya yi murna har ya ba ni kuɗin mota. Bayan kwana 2 muka bi ta ƙofar gidan, Baba ya ce mu leƙa. Bai tambayi kowa komai ba, ya ɗora bayan hannunsa a kan allon, ya ji ɗumi, ya kashe babban makunni, ya zaro kan fis ɗin na tangaran, ya dube shi, ya dube ni. A gaban mai gida bai ce uffan ba, ya sa wayar da ta dace, ya bi ɗakuna har ya gano mai hitar. Da muka koma shago sai ya ɗauko batirin mota, ya haɗa shi da 'yar waya ta hanyar fis na gaskiya, nan take fis ya tsinke, wayar ko ɗumi ba ta yi ba. Ya sake haɗawa ta hanyar silina, kafin in ƙifta ido robar wayar ta fara hayaƙi tana ɗiga. Sannan ya ce, "An yi fis ne domin ya mutu a madadin gida. Kai ka sa wanda ba ya mutuwa, to wa kake so ya mutu?" Ya rubuta takarda ya naɗe silin ya jefa a gwangwani, kuma na yi mako 3 ba ni da aiki sai sassaƙa bango da ɗaukar tsani. Duk sabon yaron da ya zo koyon aiki, ranarsa ta farko a kan gwangwanin nan take ƙarewa, Baba yana fito da guntaye yana tambayarsa abin da yake gani.

Roƙona a gare ki shi ne kada ki rubuta shi a matsayin mai sanyin hali, domin waɗanda suka san shi za su ce wani dabam ake nufi. Baba mutum ne mai zafi, yara da dama sun gudu kafin su cika shekara, kuma ya rasa ayyuka masu tsoka saboda bakinsa. Idan mai gida ya sayo waya mai araha, yakan kankare ta da wuƙa a gabansa ya nuna masa farin ƙarfen da aka shafa wa jan launi, ya ce araha ba ta ado, ya tattara kayansa. Fitila sai waya mai milimita 1.5, soket sai mai 2.5, kuma ba ya barin gida sai ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa ya gwada ta. Wanda kuwa ya nemi ya zagaye masa mita, ba ya sake neman. Wasu suna cewa girman kai ne ke sa yake cusa hannun hagu a aljihu idan yana aiki a gaban allo, alhali dabara ce, domin in wuta ta ja mutum kada ta bi ta hannu ɗaya ta ratsa ƙirji ta fita ta ɗayan.

Bayan dokar aikin wayarin ta 2011, wadda ta wajabta wa irinmu jarrabawa da lasisi daga Hukumar Makamashi, na je na zauna jarrabawar ina fargaba, sai na tarar yawancin abin da ake tambaya Baba ya riga ya cusa mana shi da tsawa. Abu ɗaya da bai taɓa yi masa daɗi ba shi ne sauyin launin waya, daga ja da baƙi zuwa ruwan ƙasa da shuɗi. Ranar da ya tsaya a wani ɗaki mai duhu-duhu ya kira ni in faɗa masa wacce ce ruwan ƙasa, ranar ce ya miƙa mini mitarsa ta gwaji a bakin ƙofa, kuma bai sake hawa tsani ba.

Maƙwabciyarku mai koko, Aboabo

Auta, 'yata, sannunmu da haƙuri. Na ga yayanku na Asawase ya nanata zafin marigayi, to ni ma bari in faɗi nawa, domin shekara 19 muna gida ɗaya da mita ɗaya. Kowa ya san yadda rabon kuɗin wuta yake raba zumunci a gidan haya. Mahaifinki ne yake yi mana lissafi duk wata a bayan tsohuwar kalanda, kwan fitila maki kaza, fanka kaza, dutsen guga da firiji kaza, kuma ban taɓa ganin ya manta da sa ƙarfen da yake liƙa waya da shi a cikin nasa kason ba, ko da sau ɗaya ya kunna shi a watan. A shekarar 2015, da dumsor, wato matsalar ɗauke wuta, ya tsananta har ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12, shi ne yake bin ƙofofinmu cikin duhu, ba tocila, yana cewa a zare firiji, kuma in wuta ta dawo a dakata kaɗan kafin a mayar. Maƙwabta da dama sun yi asarar nasu a shekarar, nawa kuwa har yau yana daskarar da ruwa. Zafinsa a kan maza masu ƙarfi yake. Ni tunda mai gidana ya rasu bai sake karɓar ko pesewa a hannuna ba, ladansa koko da ƙosai ne, shi ma sai na matsa. Amma ku bincika littafinsa, domin na san akwai masu shaguna da suka ci masa kuɗin aiki ba su biya ba.

Malamin makarantar allo, Sabon Zongo

Allah ya gafarta wa marigayi, ya ba iyalinsa haƙuri. Malama, malamanmu na Kumasi sun daɗe da saɓani a kan taron uku da bakwai da arba'in kansa, wasu suna yi, wasu suna ganin bari ya fi, kuma ba wannan kika tambaya ba, don haka ba zan buɗe shi a nan ba. Tunda gidanku yana yi, abin lura shi ne abin da zai amfani mamaci. Hula da lamba ba haramun ba ne a kansu, amma kawunku yana da hujja, domin idan aka baje su a gaban masu karatu, ido zai koma kansu, kuma taron zai karkata daga roƙa masa gafara zuwa yabonsa. Shawarata ita ce a ajiye su a cikin ɗaki, bayan an shafa fatiha duk mai so ya shiga ya gani, musamman jikoki, ta haka yayanku bai rasa ba, kawunku ma bai rasa ba.

Abin da ya fi hula gaggawa shi ne maganar da Hajiya mai koko ta taɓo. A yi shela a wurin taron cewa duk wanda marigayi yake bi bashi, ko yake bin marigayi, ya zo ya sami magada, kuma a fara da biyan wanda ke kansa kafin a raba gado. Shi kuwa gwangwanin, hadisin da Imam Muslim ya ruwaito ya ambaci abubuwa 3 da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, wato sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi wa mahaifinsa addu'a. A ganina gwangwanin allon karatu ne, kuma wurinsa shagon da ake koyar da yara, ba ƙasan akwati ba.

Autar gida, Aboabo, Kumasi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba na Sekondi, na karanta wa Inna saƙonku har sau 2, ta gane ku tun daga maganar aski, ta yi kuka, ta ce ku ne kuka taɓa kawo mata albashinsa gida. Idan lafiya ta bari, muna roƙon jikanku ya rako ku, akwai ɗaki a gidan yayanmu. Malam, na nuna wa Kawu da Yaya amsarku, kuma dukansu sun amince a bar hular a ɗakin Inna. Littafin bashin ma mun same shi, kuma Hajiya ta yi gaskiya, shafukan waɗanda yake bi sun ninka na waɗanda ke binsa.

Daren jiya na zauna da Inna muka warware takardun gwangwanin gaba ɗaya, ita tana karanta ajamin ina rubutawa. Mun ga na Akwatia Line, kuma yadda Yaya na Asawase ya faɗa haka yake, ko tabon wuta babu a jikinsa. Akwai wasu 5 da sunayen jirage ne a kansu maimakon unguwa, biyu daga ciki Keta. Sai kuma muka zo kan wani ɗan guntun wayar fitila da aka haɗa da leda maimakon tef, an rubuta "gidana" kawai, babu shekara. Inna ta yi shiru, sannan ta fashe da dariya, wadda rabona da jin ta tun kafin ya kwanta ciwo. Ta ce yana teku wayar ɗakinta ta tsinke, ta gaji da jira, ta haɗa da kanta, kuma da ya dawo ya gani bai ce mata komai ba, sai dai ya ƙi cin tuwonta na dare ɗaya.

Yaya na Asawase, addu'ar ranar Lahadi ce da hantsi, a ƙofar gida. Ka zo da yaran shagonka, za mu damƙa maka gwangwanin bayan an tashi. Inna ta ce a cire nata guntun kafin a ba ka, saboda haka 46 za ka tarar.